Haƙƙin Fasinjan Jirgin Sama Idan An Yi Masa Jinkiri Ko An Soke Tafiyarsa

Jawabin da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikata a unguwar Jakara, cikin birnin Kano



Abin da aka nemi mu yi magana a kansa yau shi ne haƙƙin mutumin da ya sayi tikitin jirgin sama, ya isa filin jirgi a kan kari, sa'an nan aka bar shi zaune awa da awoyi, ko kuwa aka ce masa tafiyar ta fasa. Watakila wani ya ce, me ya haɗa ɗalibi, wanda kuɗin motar haya ma sai ya yi lissafi, da zancen jirgin sama? To, amsar tana kewaye da mu. Da wuya a sami gida a wannan unguwa wanda ba shi da mai niyyar aikin hajji ko umara, ko ɗan kasuwa mai zuwa sarin kaya Dubai ko ƙasar Sin, ko majinyacin da aka rubuta wa asibitin Alkahira, ko ƙaramin ma'aikacin da ofis kan tura Abuja ko Legas. Idan abu ya cije musu a filin jirgi, mu da aka sa makarantar boko su kan kira a waya. Saboda haka in mun ce ba mu sani ba, mun bar su cikin duhu ke nan.

Tafiya ba baƙuwar Jakara ba ce. Ga kasuwar Kurmi nan kusa da mu, wadda aka kafa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Daga nan ayari kan tashi zuwa Gwanja neman goro, wani kuma ya nufi Agadas da Gadamus har Tarabulus. Kowane ayari yana da madugu, shi ne ya san hanya da zango, shi ke magana da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, shi kuma ake tuhuma in an yi sakaci. Jirgin sama ma a Kano ya daɗe. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila guda 3 suka taso daga Masar suka sauka a nan, a 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Filin jirginmu, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, shi ne mafi tsufa a Nijeriya. Mun yi kusan shekara 90 muna hawa jirgi, amma har yanzu galibinmu mun fi sanin farashin tikiti da sanin abin da tikitin ya wajabta wa mai jirgi.

Tikiti alkawari ne

Jama'a, tushen maganar duka guda ne. Tikiti shaidar ciniki ce tsakanin mutum biyu. Fasinja ya biya kuɗi, kamfani ya ɗauki nauyin kai shi wuri kaza, ran kaza, da ƙarfe kaza. Fasinja ya sauke nasa nauyin tun ranar da ya biya. Saura na kamfani, alkawari kuwa kaya ne.

Wannan ba sabon ilmi ba ne da Turawa suka kawo mana. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan birnin nan, ya yi bayani a babin ciniki da haya cewa mai jirgin ruwa ba ya cancantar kuɗin hayarsa sai ya kai mutum inda aka yi da shi. Ya kuma nuna cewa wanda ya yi hayar wata dabba takamaimiya zuwa wani gari, ta mutu a hanya, to hayar ta warware a kan abin da ya rage na tafiyar. Watau malamanmu sun daɗe da sanin cewa kuɗin sufuri ladan isarwa ne. Dokokin zamani da za mu ambata kan wannan harsashi suka hau, sai dai sun ƙara da ƙidayar awoyi da yanka adadin diyya.

Mun kawo wannan ne domin mu kau da wata shubuha. Da yawa daga cikin iyayenmu in aka soke jirgi sai su ce haka Allah ya so, su kaɗe riga su koma gida. Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da yardar Allah, haƙuri kuma maganin zaman duniya ne. Amma ɗan kasuwar da ya yarda da ƙaddara bai fasa bin bashinsa a Kantin Kwari ba. Mutum yana iya haƙura da abin da ya same shi, kana ya nemi kuɗinsa cikin ladabi. Ɗayan ba ya kore ɗayan.

Girman matsalar da dalilanta

Kada a ɗauka abin na jefi-jefi ne. Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, ta bayyana cewa a watannin Satumba da Oktoba na 2024 an yi tashin jirage na cikin gida sau 10,804. Daga ciki 5,225 sun yi jinkiri, an kuma soke 190. Ke nan kusan rabin tafiye-tafiyen ba su tashi a kan lokaci ba.

Dalilan suna da yawa, ya kuma kamata mu san su domin mu yi adalci. Kamfani mai jirage kaɗan yakan sa jirgi ɗaya ya yi zango biyar ko shida a yini, saboda haka in ya makara da safe a Legas, wanda ke jiransa da yamma a Kano shi zai sha wuyar. Waɗansu filayen jiragenmu ba su da kayan saukar dare, da rana ta faɗi an rufe su. Akwai tsadar man jirgi, wadda a watan Mayu na 2022 ta kai har kamfanonin cikin gida suka yi barazanar dakatar da aiki baki ɗaya. Akwai wuyar samun kuɗin waje na sayen kayan gyara. Akwai tsuntsaye da kan faɗa cikin inji, da rufe sararin sama domin wucewar manya. Sa'an nan ga hazon hunturu, wanda mu mutanen Arewa ba sai an ba mu labarinsa ba. Waɗansu daga cikin waɗannan dalilai laifin kamfani ne, waɗansu kuwa sun fi ƙarfinsa, doka kuma ta bambanta tsakaninsu kamar yadda za mu gani.

Agogon tafiyar cikin gida

Dokar da ta fi kusa da mu ita ce kashi na 19 na Ƙa'idojin Zirga-zirgar Jiragen Sama na Nijeriya, wanda ya keɓanta da kare fasinja. An sabunta ƙa'idojin a 2023, bayan Dokar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta 2022 wadda ta maye gurbin ta 2006. Hanya mafi sauƙi ta riƙe abin da ke ciki ita ce mutum ya dubi agogonsa, ya fara ƙidaya daga lokacin tashin da aka rubuta a tikiti.

Cikin minti 30 da wucewar lokacin, wajibi ne kamfani ya gaya wa fasinjoji dalilin jinkiri. Shirun da akan yi, ma'aikata su ɓace daga kanta a bar mutane suna tambayar juna, shi kansa saɓa ƙa'ida ne.

Bayan awa 2, fasinja ya cancanci abin sha da ɗan abin taɓawa kyauta, da kuma hanyar sanar da iyalinsa ko masu jiransa, ta waya ko saƙo.

Bayan awa 3, fasinja yana da ikon ya ce ya fasa, a mayar masa da kuɗin tikitinsa. Zaɓin nasa ne, in ya ga dama ya ci gaba da jira. Wanda ya biya da tsabar kuɗi nan take ya kamata a biya shi, wanda ya biya ta banki ko ta intanet kuwa cikin kwana 14.

Idan jinkirin ya shiga tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 4 na asuba, ko kuwa an rufe filin da za a tashi ko wanda za a sauka, to masauki da motar kai wa da komowa suna wuyan kamfani. Dattijon da muke gani ya shimfiɗa rawaninsa a kan benci ya kwana, yawanci bai san akwai ɗakin da doka ta ba shi ba. Ƙa'idar kuma ta ce a fara kula da naƙasassu da marasa ƙarfi da yaran da ke tafiya su kaɗai.

Soke tafiya da hana shiga jirgi

Idan soke tafiyar aka yi ɗungum, fasinja zai zaɓa tsakanin a mayar masa da kuɗinsa ko a sa shi a wani jirgin ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Bayan wannan akwai diyya, wadda ba ta gaza kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti ba a tafiyar cikin gida, da kashi 30 cikin 100 a tafiyar ƙasashen waje. Kamfani yana kuɓuta daga diyyar in ya sanar da fasinja da wuri, watau aƙalla awa 24 kafin tashi a cikin gida, ko kwana 7 in tafiyar waje ce. A ce ma'aikaci ya sayi tikitin Kano zuwa Legas a kan Naira 120,000, ya zo filin jirgi ya tarar an soke ba sanarwa, ba kuma wani uzuri karɓaɓɓe. Yana da kuɗinsa cif, ga kuma Naira 30,000 a kai. In kamfani ya ce ai ya aika da saƙo, shi ne zai kawo shaidar ya aika da kuma lokacin da ya aika. Don haka duk mai sayen tikiti ta hannun dillali ya tabbata lambar wayarsa aka rubuta, domin sau da yawa saƙon kan tsaya a wayar dillali, mai tafiya bai ji ba bai gani ba.

Akwai kuma wata al'ada ta kamfanonin jirage a duniya duka, ta sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, bisa zaton waɗansu ba za su zo ba. Ranar da kowa ya zo, sai kujera ta yi kaɗan. Ƙa'ida ta ce kamfani ya fara neman masu janyewa da son ransu, ya yi musu wani ihsani da za a daidaita a kai. In ba a samu ba har aka hana wani shiga ba da son ransa ba, to yana da diyyar da muka ambata, da zaɓin kuɗinsa ko wani jirgi, da kulawa muddin yana jira. Wanda kuma ya biya babban aji aka mayar da shi ƙarami, za a biya shi bambancin, a ƙara masa kashi 30 cikin 100 na kuɗin tikiti a cikin gida, ko kashi 50 in tafiyar waje ce. Hatta jakar da ba ta iso tare da mai ita ba, ƙa'idojin 2023 sun yanka Naira 10,000 a tafiyar gida da Dala 170 a ta waje, domin mutum ya sayi abin lalura kafin kayansa su zo.

Sharaɗin wannan duka shi ne fasinja ya zo a kan lokacin da aka ce ya zo, da tabbataccen tikiti. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya iso bayan an rufe kanta ba shi da bakin magana.

Inda kamfani ke da uzuri

Doka ta yafe wa kamfani biyan diyya idan abin da ya faru ya fi ƙarfinsa, wanda ko da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ba zai iya kauce masa ba, kamar mugun yanayi, ko tarzoma, ko barazanar tsaro. A nan lalle ne mu yi hankali. Tsakanin Disamba da Fabrairu hazo kan rufe Kano har matuƙi ya kasa hangen titin sauka. Matuƙin da ya ƙi tashi a irin wannan rana ya yi mana alheri, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Manyanmu ba su manta da ranar 22 ga Janairu 1973 ba, sa'ad da jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda, wanda aka karkato zuwa Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Babu diyyar da ta kai rai, kada neman haƙƙi ya sa mu matsa wa kowa ya tashi cikin hatsari.

Amma fa a lura, abin da uzurin yanayi ya ɗauke shi ne diyya. Kuɗin tikitin tafiyar da ba a yi ba yana nan a matsayin haƙƙin mai shi. Kuma ba duk abin da aka kira uzuri ne uzuri ba. In an ce hazo ne ya hana, alhali jiragen waɗansu kamfanoni suna tashi zuwa gari guda a sa'a guda, fasinja yana da damar ya rubuta abin da ya gani ya kai wa hukuma, ita kuwa tana da rahoton yanayi na kowace sa'a da za ta gwada maganar da shi.

Idan an ƙetare iyaka

Tafiyar ƙasashen waje tana ƙarƙashin wata yarjejeniya da aka ƙulla a birnin Montariyal na Kanada a 1999, ta fara aiki a 2003, ta gaji tsohuwar yarjejeniyar Warso ta 1929. Nijeriya tana ciki, haka Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ƙasar Sin, watau ƙasashen da mutanenmu suka fi zuwa. Sashe na 19 nata ya ɗora wa kamfani alhakin asarar da jinkiri ya jawo, sai fa in ya tabbatar ya ɗauki duk matakin da ya kamata. Bambancinta da ƙa'idarmu ta gida shi ne, ba ta yanka wani adadi da za a ba kowa ba, asarar da mutum ya tabbatar da takarda ita ake biya, kamar kuɗin otal, ko tikitin jirgi na biyu da ya kuɓuce masa. Akwai kuma iyaka, ana lissafa ta da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR. Tun daga ƙarshen Disamba 2024 iyakar ita ce 6,303 a kan jinkirin fasinja, da 1,519 a kan kaya. Na farkon ya haura Dala 8,000.

Wa'adin yarjejeniyar shi ne abin da ya fi cin mutanenmu. Kayan da suka iso a lalace, a rubuta koke cikin kwana 7. Kayan da suka makara, cikin kwana 21 daga ranar da aka karɓe su. Ƙara a kotu kuwa, in shekara 2 ta wuce ƙofa ta rufe. Ɗan kasuwar da ya ce bari a gama hidimar salla tukuna, yana iya tarar da lokaci ya riga shi.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun fi kowa tsanantawa. Dokarsu mai lamba 261 ta 2004 ta yanka Yuro 250 ga gajeriyar tafiya, 400 ga matsakaiciya, 600 ga wadda ta wuce kilomita 3,500. A 2009 babbar kotunsu ta yanke cewa wanda ya isa a makare da awa 3 ko fiye ya cancanci diyya kamar wanda aka soke wa tafiya, a 2008 kuma ta riga ta yanke cewa lalacewar inji irin ta yau da kullum ba uzuri ba ce. Dokar ta shafi duk jirgin da ya taso daga ƙasashensu, ko na wane kamfani ne, da kuma jirgin kamfaninsu mai shiga can. Ba ta tambayi ƙasar fasinja ba, saboda haka ɗalibinmu da ya taso daga Faransa ko Jamus zuwa Abuja yana cikinta. Ingila ma bayan fitarta daga Tarayyar ta riƙe irin wannan tsari da kuɗinta, daga Fam 220 zuwa 520. A 2025 ministocin sufuri na Tarayyar sun nemi a tsawaita awoyin, majalisar dokokinsu ta ja da su, don haka mai tafiya can ya bincika abin da ke aiki a ranar tafiyarsa. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, inda jinkiri ke cin kuɗin kamfani, kamfani yakan koyi kiyaye lokaci.

Asarar da kuɗi ba ya mayarwa

Mu komo gida, ga abin da ya faru a gabanmu. Hajjin 2022 shi ne na farko da aka buɗe wa baƙi bayan shekara 2 na annobar korona, mutane sun daɗe suna tara kuɗi suna ɗoki. Maniyyatan Kano suka yi kwanaki suna jiran jirgi, har aka rufe sauka a Saudiyya, aka yi tsayuwar Arfa ranar 8 ga Yuli ba su tafi ba. Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta fito ta ba da haƙuri, ta ce kimanin mutum 700 daga Jihar Kano abin ya shafa, ban da na waɗansu jihohi da na 'yan jirgin yawo, ta kuma yi alkawarin mayar da kuɗi. Ana iya mayar wa tsoho kuɗinsa, amma wa zai lamunce masa shekara mai zuwa?

Wannan ya nuna mana abu biyu. Na ɗaya, amfanin diyya ya wuce abin da ke shiga aljihun mutum ɗaya, domin ita ce ke sa mai ɗaukar alkawari ya auna ƙarfinsa kafin ya ɗauka. Na biyu, maniyyaci hukumar alhazai ya biya, ita ce ta yi yarjejeniya da kamfanin jirgi a madadinsa, saboda haka ƙofarta zai fara ƙwanƙwasawa. Ya adana rasit ɗinsa, ya nemi a gaya masa a rubuce abin da aka tanada in jirgi bai zo ba. Mai tafiya ta hannun kamfanin yawo shi ma ya nemi takardar yarjejeniya tun kafin ya miƙa kuɗi. Hukumar jiragen sama ta Saudiyya kuma ta fito da sababbin ƙa'idojin kare fasinja a watan Nuwamba na 2023, waɗanda ya kamata masu dawowa daga Jidda da Madina su san da zamansu.

Ko talaka yana iya cin nasara?

Wani zai ce wannan duk zancen takarda ne, wa ya taɓa kayar da kamfanin jirgi? An taɓa, ɗaliba ce ma kamarmu. A shari'ar da aka sani da sunan Mekwunye da Emirates, wata 'yar Nijeriya mai karatu a Amurka ta sayi tikitin dawowa gida hutu a Disamba 2007, aka tabbatar mata da kujera, ta zo aka hana ta shiga jirgi. Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ce a mayar mata da kuɗinta, a kuma biya ta diyyar Naira miliyan 2 da rabi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke diyyar, amma a 2019 Kotun Ƙoli ta mayar da ita, bisa hujjar cewa kamfanin da ya karya ainihin alkawari ba zai fake da iyakar da yarjejeniya ta sa ba. Shekara 11 aka yi ana fafatawa, wannan kuwa ya isa ya nuna cewa kotu matakin ƙarshe ce. Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'un jiragen sama, tana kuma da reshe a nan Kano.

Kafin a kai can akwai hanya mafi kusa. NCAA tana da jami'an kare fasinja a manyan filayen jirage, a 2024 ta buɗe shafin intanet na shigar da koke, a ƙarshen shekarar kuma ta ɗauki matakin horo a kan kamfanoni 5, na gida da na waje, saboda laifuffukan da suka haɗa da jan ƙafa wajen mayar da kuɗin mutane.

Abin da fasinja zai yi

Da farko ya adana tikiti da katin shiga jirgi da 'yar takardar da aka liƙa ta kaya, kada ya yar da ko ɗaya. Ya ɗauki hoton allon da ke nuna jinkiri, ya rubuta lokacin da aka yi kowace sanarwa. Ya tambayi dalili a kanta, ya roƙi a rubuta masa. Duk abin da ya kashe saboda jinkirin, na abinci ko mota ko masauki, ya karɓi rasit. In aka miƙo masa takardar bashin tikitin wata tafiya a maimakon kuɗi, ya sani yana da ikon ƙi, kada kuma ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Sa'an nan ya rubuta wa kamfanin gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da sunansa da lambar tikiti da ranar tafiya da abin da ya faru da abin da yake nema, ya riƙe kwafi. In ba su amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, ya kai wa NCAA tare da takardun nan duka.

Abu guda muke roƙo a guje masa, shi ne hayaniya. Yarinyar da ke zaune a kanta ba ita ta soke jirgin ba, albashi take nema kamar yadda mu ma za mu nema gobe. Zagi da fasa kaya da tare ƙofar jirgi laifi ne da kan kai mutum hannun 'yan sanda, mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma. Wasiƙa mai kwanan wata da rasit a maƙale ta fi tsawa aiki. In fasinjoji goma suka karɓi lambobin juna suka rubuta tare, ya fi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nauyin da ke kanmu

'Yan'uwa, waɗannan ƙa'idoji da Turanci aka rubuta su, da Turanci ake yin yawancin sanarwa, alhali mafi yawan masu tashi daga filin jirgin Kano da Hausa suke tunani. Muna kira ga hukuma da kamfanoni su kafa allon haƙƙin fasinja da Hausa, da boko da ajami, a inda kowa zai gani, su kuma yi sanarwar jinkiri da harshen da mutane ke ji. Kafin a yi haka, aikin madugu ya faɗo kanmu. Duk wanda zai raka mahaifinsa ko gwaggonsa filin jirgi, ya rubuta musu abu huɗu a 'yar takarda: awa 2 abin sha, awa 3 kuɗinka in ka so, ƙarfe 10 na dare masauki, kada ka yar da rasit. Wanda aka zalunta bai iya rubutu ba, mu rubuta masa wasiƙar, ba ta cin minti 20.

Ku kuma da kuka riga mu shiga aikin gwamnati, waɗansunku za su zauna a hukumomin nan da muke ambata, a hukumar alhazai ko ta jiragen sama ko ma'aikatar shari'a. Ranar da takardar koken wani tsoho ta iso teburinku, ku tuna ya yi kwana a kan benci kafin ya rubuto ta, kada ta yi wata uku a cikin fayil.

Nan za mu dakata, domin a sami lokacin tambayoyi.  Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya.